Jarin banki da bashin da ya maƙale: lissafin da mai ajiya a Kumasi ya kamata ya iya

Dillalin albasa da ke karɓar buhunan mutane daga Bawku ko Nijar ya rarraba wa matan kasuwa bashi, ya san wani lissafi da ba a aji ake koyonsa ba. In mace biyu ko uku suka riƙe kuɗi, daga aljihunsa zai cike wa mai kaya. In goma suka riƙe, aljihu ya ƙare, sai asara ta fara cin kuɗin mai kayan. Girman aljihun nan shi ake kira jari a harkar banki. Mai kaya kuwa kai ne, da ka kai ajiyarka reshen Adum ko Kejetiya ko Asawase ka karɓi rasit.

Mutane da yawa a Zongo suna ɗauka cewa da aka ce kowane banki sai ya mallaki jarin sidi miliyan 400, wai akwai wani ɗaki a Babban Bankin Gana da aka jibge kuɗin aka kulle. Babu wannan ɗakin. Jari ragowa ce ta lissafi: ka haɗa duk abin da banki ya mallaka, da bashin da yake bin mutane, da takardun lamunin gwamnati da ya saya, da gine-gine, da tsabar kuɗi, sannan ka cire duk abin da ake binsa, wanda mafi yawansa ajiyar jama'a ce. Abin da ya saura shi ne na masu banki. Tunda kuwa kaso mafi tsoka a dukiyar banki bashi ne da ke hannun wasu, ƙimar jarin ta rataya ne a kan tambaya guda: bashin nan zai dawo?

Ƙa'ida biyu ce ke kan jari a Gana, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce mafi ƙarancin kuɗin da masu hannun jari za su zuba kafin banki ya riƙe lasisi. An taɓa tsayar da shi a sidi miliyan 60, ya koma miliyan 120, sannan a Satumban 2017 Babban Banki, ƙarƙashin gwamnansa Ernest Addison, ya ɗaga shi zuwa miliyan 400, ya ba da wa'adin 31 ga Disamba 2018. Hanyoyin cikawa da aka yarda da su su ne masu hannun jari su kawo sabon kuɗi, ko a mayar da ribar da aka tara ba a raba ba ta zama jari, ko a haɗa biyun. Ba a yarda banki ya sake yi wa gininsa kuɗi ya ce ƙarin darajar ya cike giɓi ba. Wanda ya kasa, ya nemi wanda zai haɗe da shi.

Wannan adadi yana da amfani wajen tace masu shiga harkar, amma yana tsufa da wuri. A ƙarshen 2017 sidi miliyan 400 ta kai kusan dala miliyan 90. A 2024, da dala ta haura sidi 15, ba ta kai dala miliyan 30 ba. Adadin bai motsa ba a takarda, ƙarfinsa ne ya zube.

Ƙa'ida ta biyu ita ce mai aiki kullum, ma'aunin isar jari, wanda za ka gani a takardun banki da haruffan CAR. Ana raba jarin da hukuma ta amince da shi da jimlar dukiyar banki bayan an auna kowace kadara da nauyin haɗarinta. Tsabar kuɗi ba ta da nauyi. Takardar lamunin gwamnati ta sidi ma a al'ada sifili ake ba ta, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Bashin da aka bai wa kamfani ko ɗan kasuwa yawanci ɗari bisa ɗari ake lissafa shi. Sai a ƙara wani kaso na haɗarin canjin kuɗi da na tafiyar da aiki, wato sata, kuskure, lalacewar na'ura. Dokar bankuna ta 2016, mai lamba 930, ta tsayar da mafi ƙarancin ma'aunin a kashi 10 cikin ɗari. Umarnin da Babban Banki ya fitar a 2018 bisa tsarin Basel, wato ƙa'idojin jarin banki na duniya, ya ɗora kashi 3 a kai a matsayin garkuwa, ya zama 13. A ciki, aƙalla kashi 6.5 sai ya kasance jari mafi tsabta, wato hannun jari na asali da ribar da aka riƙe, wanda ba wanda zai zo ya ce a mayar masa.

A ɗauki banki na misali. Ya ba da bashin sidi miliyan 2,000, yana riƙe da takardun gwamnati na miliyan 1,000, da tsabar kuɗi miliyan 600. Jimla 3,600. Ajiyar jama'a miliyan 3,200, jari miliyan 400. Dukiyar da aka auna da haɗari ita ce bashin nan na 2,000, a ƙara 500 na sauran haɗurra, 2,500 ke nan. Raba 400 da 2,500, ya ba ka kashi 16. Banki lafiyayye, yana talla a rediyo, yana buɗe reshe a Tafo.

Yanzu a ce manyan masu cin bashi huɗu ko biyar, da ke riƙe da miliyan 600, sun daina biya. Babban Banki yana da tsani mai hawa biyar na rarraba bashi, kuma kowane hawa da kuɗin da dole a ware daga riba saboda tsammanin asara. Bashin da ake biya a kan kari, a ware masa kashi 1. Wanda ya yi jinkirin kwana 30 zuwa ƙasa da 90, a sa masa ido, a ware kashi 10. Daga kwana 90 ya shiga sahun bashin da ya maƙale, kashi 25. Daga kwana 180, ya zama abin shakka, kashi 50. Da ya cika kwana 360, an ɗauke shi asara, ɗari bisa ɗari. In muka ajiye maganar jingina da ribar shekara a gefe don lissafi ya fito fili, a kwana na 90 bankinmu zai ware miliyan 150, jari ya koma 250, ma'auni ya sauko kusan 10.6. Ya riga ya faɗo ƙasa da 13. A kwana na 180 abin warewa ya kai 300, jari ya rage 100, ma'auni kusan 4.5. A kwana na 360 an ware 600 gaba ɗaya, jarin 400 ya tafi, har an ci miliyan 200 daga kuɗin masu ajiya. Shekara guda ke nan, ba a yi fashi ba, ba a yi gobara ba, kuma har ranar ƙarshe na'urar cire kuɗi tana iya ci gaba da aiki.

Wanda ya fahimci tsanin nan zai gane dalilin da ya sa duk dabarar mugun banki take ƙarewa a wuri guda, wato hana agogon kwanakin nan tafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce sabunta bashi. Kwana 80 sun wuce, sai a kira mai bashi a sake rubuta yarjejeniya, a tsawaita wa'adi, ƙidaya ta koma sifili. Ko a ba shi sabon rance ta wani kamfaninsa ya biya ruwan tsohon, takarda ta nuna yana biya, alhali kuɗin bankin ne ya zagaya ya dawo. Abin da ya fi muni, banki yana ci gaba da rubuta ruwan bashin a matsayin kuɗin shiga, ya bayyana riba, ya biya haraji a kanta, ya raba wa masu hannun jari, manajoji su karɓi tukuici. Ƙa'ida ta ce da zarar bashi ya maƙale a dakatar da lissafa ruwansa cikin riba, a jingine shi gefe har sai an ga kuɗi a hannu. Rashin yin haka shi ne a kasa kuɗin ajiyar mutane a raba da sunan riba.

Akwai kuma iyakar abin da za a bai wa mutum guda. Doka ta 930 ta hana banki bai wa mutum ɗaya, ko gungun kamfanonin da ke da alaƙa da juna, fiye da kashi 25 na jarinsa in akwai jingina, ko kashi 10 in babu. A bankinmu na misali miliyan 100 ke nan iyaka. Yadda ake tsallake ta sananne ne: kamfani shida, sunaye shida, daraktocin takarda daban-daban, direba a nan, suruki a can, mai cin moriya mutum ɗaya. Idan mutumin nan shi ne kuma mai bankin, to babu jami'in bashi da zai buga masa waya ya ce ranka ya daɗe, wa'adi ya wuce.

Dabara ta uku ta shafi jarin kansa. Mai neman lasisi ya ci bashi a wani banki, ya zuba a asusu, a nuna wa hukuma takardar shaida cewa kuɗi sun kwanta. Bayan an ba da lasisi sai kuɗin su koma inda suka fito, ko a bar su a can a matsayin ajiyar da ba a isa a taɓa ba domin ita ce jinginar bashin. A littafi akwai jari, ranar da asara ta zo kuwa babu abin da za a ɗauka a toshe.

Duka ukun an gan su a Gana. Amma kafin a kai ga halin masu banki, ya kamata a yi adalci a faɗi cewa ƙasar ma ta tura bashi mai yawa cikin rami. Shekarun dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, daga 2012 zuwa 2016, sun karya masana'antu da ƙananan sana'o'i. Mai walda a Magazin ɗin Suame da ba shi da wuta kwana biyu a mako ba ya iya biyan ruwan da ya haura kashi 30 a shekara. Sidi ta faɗi warwas a 2014, kamfanonin da ke shigo da mai da rancen dala suna sayarwa da sidi suka kwana ciki. Hukumomin makamashi na gwamnati suka tara bashin bankuna har sai da aka kafa harajin makamashi a 2015, aka sayar da takardun lamuni a 2017 don rage shi. 'Yan kwangilar hanya suka ci bashi suka yi aiki, takardar biyansu ta kwanta a ma'aikata shekara da shekaru, ruwa yana hawa. A ƙarshen 2017 fiye da kashi 20 na bashin da bankunan ƙasar suka bayar ya maƙale. Sidi ɗaya cikin kowace biyar.

Binciken ingancin kadarori da Babban Banki ya sa aka yi a 2015, aka sabunta a 2016, shi ya fara buɗe tukunyar, ya nuna bankuna tara da jarinsu bai kai ba. Ranar 14 ga Agusta 2017 aka soke lasisin UT Bank da Capital Bank, bankin GCB ya karɓi ajiyar jama'a da zaɓaɓɓun kadarori. Ranar 1 ga Agusta 2018 aka soke na uniBank, Royal Bank, Beige Bank, Sovereign Bank da Construction Bank, aka kafa Consolidated Bank Ghana a rana guda, gwamnati ta zuba masa jarin sidi miliyan 450, ta kuma ba shi takardar lamuni ta biliyan 5.76 don cike tazarar da ke tsakanin ajiyar da ya gada da kadarorin kirki da ya samu. A bayanin Babban Banki, masu hannun jarin uniBank da makusantansu sun ɗebi kimanin biliyan 5.3, wato kashi 75 na dukiyar bankin, kuma kaso mafi yawa bai bi ta hanyar ba da bashi da aka sani ba. Game da Sovereign, Beige da Construction, ya ce da jarin da babu shi ko mai shakku aka samo lasisinsu. Wasu daga masu bankunan da aka rufe sun musanta, sun tafi kotu. A Janairun 2019 Premium Bank da Heritage Bank suka bi sahu, aka sauke GN Bank zuwa kamfanin ajiya da lamuni. Wasu suka haɗe: OmniBank da Sahel Sahara, First Atlantic da Energy Commercial, First National da GHL. Bank of Baroda ya naɗe tabarmarsa da kansa. Gwamnati ta kafa Ghana Amalgamated Trust don tallafa wa bankunan gida biyar da ake ganin suna da rai amma ba su cika miliyan 400 ba. Da ƙura ta lafa, bankuna 23 suka rage.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan mai sa ido, domin labarin da aka fi so a ba mu shi ne na miyagun masu banki da jarumar hukuma. Ba haka kawai abin yake ba. Akwai bambanci tsakanin bankin da tsabar kuɗi ta yanke masa na ɗan lokaci da bankin da jarinsa ya ƙare. Na farko kamar Alhaji ne mai shaguna da kaya cike, amma yau ba shi da abin sallamar mai mota. Ka ranta masa, jibi ya biya. Na biyu shagon wayam ne. Tallafin gaggawa na Babban Banki na farkon aka yi wa shi, da jingina, na gajeren lokaci. Amma Capital Bank ya karɓi fiye da sidi miliyan 600 na irin wannan tallafi, UT Bank fiye da miliyan 800, a lokacin da ciwonsu ya wuce na ƙarancin tsaba. Shari'ar da ta biyo baya ta nuna inda wani kaso na kuɗin Capital Bank ya bi: wanda ya kafa shi, William Ato Essien, ya amsa laifi, ya yi alkawarin mayar da miliyan 90, ya kasa cikawa, kotu ta ɗaure shi shekara 15 a Oktoban 2023. Lasisin da aka ce da jarin bogi aka samo, a hedikwatar Babban Banki da ke Ankara, babban birnin Gana, aka sa masa hannu. Oditocin waje ma sun duba littattafan shekara bayan shekara sun ce lafiya. Doka ta tanadi matakai tun jari bai ƙare ba: a hana raba riba, a hana buɗe sabon reshe da ba da manyan rance, a nemi tsarin cike jari cikin wa'adi, a sauke shugabanni, a naɗa mai riƙo, in kuma banki ya tsiyace ko ana ganin zai tsiyace cikin kwana 60, a soke lasisi. A ganinmu jinkirin hawa wannan tsani shi ya ninka kuɗin da aka kashe, domin kowane wata da mataccen banki ya ƙara yana karɓar ajiya, ramin faɗaɗa yake. Gwamnati ta ce aikin tsaftacewar ya ci fiye da sidi biliyan 21, kuma bashi aka ci aka biya, bashin da ke kan mai sayar da koko a Aboabo da bai taɓa buɗe asusu ba.

Gyare-gyaren da suka biyo baya galibi a kan mutane ne. Umarnin shugabanci na 2018 ya kayyade wa shugaban banki shekara 12 a kujera, daraktan da ba ma'aikaci ba shekara 9, shugaban hukumar daraktoci shekara 6. Aka fito da gwajin cancanta ga duk mai son zama darakta ko babban mai hannun jari. Daga 2018 kuma bankuna suka koma sabon tsarin lissafi na duniya, IFRS 9, wanda ke tilasta ware kuɗin asara tun ana hasashenta, ba sai ta auku ba. In abin da tsanin Babban Banki ya nema ya fi wanda wannan tsarin ya fitar, bambancin a cire shi daga ribar da aka tara a kulle a wani asusu da ba a rabawa.

'Yan'uwanmu da ke zirga-zirgar Legas da Kano sun ga irin wannan tun kafin mu: a 2005 Najeriya ta matse bankuna 89 suka koma 25 da jarin naira biliyan 25, amma shekara huɗu kacal bayan haka sai da gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu daga cikinsu ya zuba naira biliyan 620. Babban jari bai hana mugun bashi ba a can ma.

Sai darasi na biyu, wanda ya zo ta ƙofar da ba a gadi. Bayan 2019 bankuna sun ji tsoron ɗan kasuwa, suka tattara kuɗi suka sayi takardun lamunin gwamnati: ruwa mai kyau, babu zuwa ƙwato jingina, kuma nauyin haɗari sifili, wato ba sa cin jari ko kaɗan a ma'auni. A Disamban 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta kasa ɗaukar bashinta, ta sanar da musayar takardun lamuni na cikin gida. Aka karɓi tsofaffin aka ba da sababbi masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi. Takardun baitulmali na gajeren zango kaɗai aka ƙyale. Uwar kuɗin ba a rage ta ba a rubuce, amma takardar da za ta biya ka ƙasa da rabin ruwan da, kuma sai bayan shekaru, darajarta ta yau ta faɗi, dole a rubuta faɗuwar asara. Bankunan ƙasar suka rufe 2022 da asarar kusan sidi biliyan 6.6 bayan haraji. A wannan karon mai cin bashin da ya gaza ita ce gwamnatin da ke da hukumar sa ido. Babban Banki ya sassauta: ya cire garkuwar kashi 3, ma'auni ya koma 10, ya rage jari mafi tsabta zuwa 5.5, ya yarda a rarraba asarar cikin shekara huɗu wajen lissafin jari, ya kuma dakatar da raba riba. Aka kafa asusun daidaita harkar kuɗi da hannun Bankin Duniya a ciki, cikin shirin dala biliyan 3 da IMF ta amince da shi a Mayun 2023. Riba ta dawo da sauri a 2023, mafi yawa daga ruwan takardun baitulmali, amma maƙalallen bashi ya ci gaba da hawa har ya kai kashi 26.7 a Maris 2024.

Saboda wannan sassauci, wanda ke duba takardun banki na shekarun nan ya lura ko adadin CAR da aka buga da sassauci ne ko babu. Bambancin yana iya zama maki da yawa.

Abin da ya fi ƙona mutanen Zongo ma ba manyan bankunan ba ne, domin masu ajiya a cikinsu an mayar da su GCB da Consolidated Bank da kuɗinsu cif. Ƙananan ne. Ranar 31 ga Mayu 2019 aka soke lasisin kamfanonin ƙananan rance 347, a Agusta aka ƙara da kamfanonin ajiya da lamuni da gidajen kuɗi 23, a Nuwamba hukumar kasuwar hannun jari ta soke na kamfanonin juya kuɗi 53. Jarin da ake nema a wurinsu a lokacin ƙarami ne, miliyan 15 ga kamfanin ajiya da lamuni, miliyan 2 ga na ƙananan rance, kuma da yawansu sun kwashi kuɗin susun matan kasuwa sun kai wa junansu ajiya don ruwa mai tsoka, ɗaya ya faɗi ya ja saura. An fara biyan masu ƙananan ajiya, masu manya suka yi ta sintiri ofishin risiba, wato wanda aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin da aka rufe ya biya masu binsa, wasu aka fara ba su takarda maimakon kuɗi. Hukumar inshorar ajiya ta fara aiki a 2019, amma abin da doka ta lamunce a farawa sidi 6,250 ne ga mai ajiya a banki, 1,250 ga mai ajiya a ƙananan kamfanonin. Hajiya mai sarin atamfa da ke juya dubu ɗari biyu ta san wannan ba zai rufe mata komai ba. Kuma ceton da aka yi a 2017 zuwa 2019 shawarar gwamnati ce ta wancan lokacin, ba haƙƙi ba ne da doka ta rubuta.

Don haka duba lafiyar banki ya zama aikin mai ajiya ma. Bankuna suna buga lissafinsu a jaridu irin su Daily Graphic da shafukansu na intanet duk wata uku, da cikakken na shekara wanda odita ya sa wa hannu. A ƙasan shafin akwai ɗan akwati da mutane ke tsallakewa. A nan za ka ga CAR, da NPL wato kason bashin da ya maƙale, da ma'aunin tsabar kuɗi, da sau nawa aka ci bankin tara. Kada ka karanta ɗaya shi kaɗai. CAR na 18 tare da NPL na 35 yana nufin akwai asarar da ke tafe, sai ka nemi nawa aka riga aka ware mata. Ka kwatanta da na bara: bashi yana kumbura da kashi 50 a shekara alhali NPL yana sauka, sau da yawa sabon bashi ne ya lulluɓe tsoho. Bankin da ya makara wajen buga lissafin shekara, ko odita ya saka sharaɗi a ra'ayinsa, ya gaya maka abin da kake buƙata. Haka wanda ke biyan ruwan ajiya sama da na kowa nesa ba kusa ba. Mai neman kuɗi ido rufe ne ke yin haka. Wanda kuma ke guje wa ruwa saboda addini, yana ajiya a asusun da ba ya haihuwa, bai fita daga wannan lissafi ba, domin kuɗinsa a tukunya ɗaya suke da na kowa.

A 2025, ƙarƙashin gwamna Johnson Asiama, Babban Banki ya umarci bankuna su sauko da maƙalallen bashi zuwa kashi 10 kafin ƙarshen 2026, su share wanda aka riga aka ware masa kuɗi cikakke daga littafi, su kuma fallasa masu ƙin biya da gangan. Masu cin bashi su fahimci kalmar sharewa da kyau. Cire bashi daga littafin banki gyaran lissafi ne tsakaninsa da hukuma, ba yafiya ba ce. Ana ci gaba da binka, sunanka yana wurin kamfanonin tattara tarihin bashi, kuma tunda katin Gana, wato katin ɗan ƙasa, ya zama shaidar da ake karɓa a banki daga Yulin 2022, sauya suna a wani reshe ya yi wuya.

Inda umarnin zai sha wahala shi ne jingina. Dokar masu ba da rance da masu karɓa ta 2020 ta bai wa banki damar sayar da abin da aka yi wa rajista a ma'ajiyar jingina ba tare da doguwar shari'a ba, amma a Kumasi mafi yawan filaye na sarauta ne, haya ce ta shekaru ake riƙe da ita, kuma gidajen Zongo da dama na gado ne da ba a raba ba, magada ashirin a kan takardar kaka guda. Banki ya rubuta gida a littafinsa a kan sidi miliyan 2, ranar gwanjo wani ɗan'uwa ya shigar da ƙara cewa ba da yawunsa aka jinginar ba, kotu ta dakatar, shekara uku ta wuce, kuma ko an ci nasara ba kowa ne zai fito ya sayi gidan maƙwabcinsa a unguwa ba. Mai binciken Babban Banki da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan adadin da mai kiyasi ya rubuta. Yana neman ya ga takardar hayar filin da shekarun da suka rage mata, da izinin mai sarautar, da shaidar bincike daga Hukumar Filaye, da ranar da aka yi kiyasin ƙarshe, sannan ya tambayi nawa bankin ya taɓa samu a hannu daga irin wannan gida a wannan unguwa.